IDO BA YA KWAIKWAYO

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku sarara min haka. Wadda ta ce in na ƙara kwana ban saki ba za ta biyo ni har gida, bismillah, ki taho, akwai wanki. Amma ina faɗa muku tun yanzu, wannan shafin ban rubuta shi da daɗin rai ba.

Ga sababbin shigowa, a gurguje: ni da Jaruma ɗakinmu ɗaya a makarantar koyon aikin jinya. 'Yar goggona ce, a gidansu na tashi. Na girme ta, amma ko da wasa ba ta taɓa ce min Yaya ba. Farar Kura take kirana saboda tsorona, har ajinmu duka suka ɗauka. Ita kuma muna ce mata Jaruma don iya kwaikwayon marasa lafiya. A shafin baya mun tsaya a safiyar gwajina, inda na ji "dim!" a banɗaki, na yi ta bugun ƙofa ba amsa sai ƙarar famfo, can ta buɗe tana dariya ta ce bokiti ne ya suɓuce mata.

*

Ɗakin gwaji ba ɗakin da nake ƙauna ba ne, ko ranar da ba gwaji. Gadaje ne a jere, kowanne da mutum-mutumin roba a kwance, an ja masa farin mayafi zuwa ƙirji, baki a buɗe, ido na kallon silin. Na ƙarshen layi shi muke kira Baba Shiru. Ƙirjinsa duk ya lotsa saboda dannawar ɗalibai, wuyansa kullum cikin abin tallafe wuya.

Gado ɗaya ne babu roba a kai, na bayan labule. Nan ake kwantar da mai rai.

Ga yadda ake yi. Malami zai shiga bayan labule ya raɗa wa ɗalibi ciwon da zai kwaikwaya. A ja labule. Wanda ake gwadawa ya zo ya duba shi daki-daki, kamar yanzu aka sauke shi daga mota a imajansi, sauran 'yan aji na tsaye a baya suna kallo. To amma mai ƙoshin lafiya ba zai iya rage bugun zuciyarsa don an raɗa masa ba, ba zai iya hawar da jininsa ba. Saboda haka kai dai ka ɗora yatsu a wuyan hannu, ka kalli agogo, ka ɗaga kai. Malamin da ya yi raɗar shi zai faɗa maka adadi, ka yi aiki da shi. Shi ya sa babu mai ƙirgawa da gaske. Wa zai wahalar da kansa?

Sai ni. Ni tsoro ba ya barina in yi ƙarya ko an halatta min ita.

Ina tsaye a baranda ina jiran kira, Jaruma, wadda ita aka sa ta zama mara lafiyata ranar, ta zo wucewa ta dafe goshi.

"Kaina kamar ana daka a ciki," ta ce.

"Kin sha magani?"

"Na sha. Ke dai kar ki ba ni kunya, Farar Kura. Duk abin da aka raɗa min yau sai na sa kin jiƙa wando."

"Allah ya isa tsakanina da ke."

Ta yi dariya ta shige. Na daɗe a tsaye kafin na ji muryar Malama.

"Shigo!"

Alƙalai biyu ne ranar. Malama, wadda ta koya mana darasin tun farkon zango, mace mai kaifin harshe da ba ta maimaita magana. Sai wani Dakta da aka gayyato daga cikin asibiti, wanda ban taɓa gani ba. Teburinsu na can gefe, da 'yar tazara daga gadon. Dokar Malama kuwa kowa ya haddace ta: da an ja labule, mara lafiya ce a gabanki, ba ƙawarki ba. Wadda ta yi dariya, ko ta kira ƙawa da sunan wasa, ko ta juyo tana yi wa alƙalai surutu, ta faɗi. Ni kuma na riga na faɗi wannan gwajin sau ɗaya.

Monita, shugaban ajinmu, ya ja labule.

Jaruma na kwance rigingine, hular jinya a kanta, ido rabi a rufe.

"Sannu baiwar Allah," na ce. "Ni ɗalibar jinya ce. Kina ji na? Me ke damun ki?"

Leɓenta ya motsa.

"Rufe famfon nan."

Aka fara ƙunshe dariya a baya. Monita ya ce ƙasa-ƙasa, "An fara fim." Ba laifinsu ba ne. A zangon baya farfaɗiya aka raɗa mata, ta yi ta har wata 'yar aji ta fashe da kuka, ita kuwa ta tashi ta kaɗe riga ta ce a tafa mata.

Na tuna tsarin Malama: abin da zai fara kashe mutum shi ake fara dubawa. Hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, ƙwaƙwalwa, sannan a duba jiki duka. Ba a tsallake, ba a sauya jeri.

"Ta yi magana, hanyar iska a buɗe take," na faɗa da ƙarfi yadda ake so.

Na koma kan numfashi. Na zuba wa ƙirjinta ido. Ta ja dogo, ta sake jan dogo, ta ja gajere. Sai ta tsaya. Ina kallon sandar agogo na tafiya, ƙirjin bai motsa ba, har na fara jin nawa numfashin ya tsaya. Can ta ja wani mai zurfi. A raina na ce, kai, yarinyar nan Allah ya shirye ta, har riƙe numfashi ta koya.

Na ɗaga kai ina jiran adadi. Malama ta kalli Dakta. Dakta na rubutu. Malama ta yi min alama da biro.

"Ci gaba."

Na kama wuyan hannunta.

Wannan hannun na san shi kamar nawa. Tun da muka shigo makaranta a kansa nake koyo, kullum tana min tsiya wai na mayar da ita akuyar gwaji. Bugun Jaruma mai sauri ne, irin na mutumin da ba ya zama wuri ɗaya. Abin da na ji ƙarƙashin yatsuna ranar daban ne. Bugu mai nauyi, sai shiru. Bugu mai nauyi, sai shiru.

Arba'in da takwas a minti ɗaya, alhali na mai lafiya bai cika kasa sittin ba.

Kun san abin da ɗalibi ke fara cewa idan ya sami abin da bai yi tsammani ba? Ba ya cewa mara lafiya na cikin haɗari. Cewa yake ni ne na yi kuskure. Na sake ƙirgawa, na sami abin da na samu. Na naɗa mata abin awon jini, na hura, na saki a hankali. Adadin sama ya haura ɗari da tamanin. Na ce to shi ke nan, abin awon ma ya lalace, yau dai faɗuwa ta tabbata.

Na sake ɗaga kai. "Bugun zuciya da awon jini?"

Malama ta kuma kallon Dakta. Shi kuma ya ɗan kalle ta, ya ga ba ta ce komai ba, ya mayar da kai kan takardarsa.

"Yi aiki da abin da kika samu," ya ce.

Kafin in ce wani abu, amai ya ɓalle mata. Babu yunƙuri, babu tashin zuciya, kawai ya feso. Na yi maza na juya ta gefe don kar ya koma mata huhu.

Ajin ya ɗauki tafi.

"Wallahi ruwa ta ɓoye a baki!" in ji Monita. "A ba ta lambar yabo!"

"Shiru!" Malama ta daka tsawa, amma na ga gefen bakinta yana son murmushi.

Ni ce kusa da ita. Ni kaɗai warin ya buga. Ba ruwa ba ne, shayin da muka sha tare da safe ne, da tsamin ciki. Na sunkuya ina goge mata baki da audiga, sai ta yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Yaya."

Na ƙara kai kunnena kusa da bakinta.

"Yaya, ruwa na shiga kunnena. Ki rufe famfon."

Muryar ba tata ba ce. Ta yarinya ce ƙarama, irin wadda take yi muna yara idan an ɗauke wuta. Na kalli fuskarta ina neman 'yar alamar nan da take min idan tana tsokana, ɗan motsin gira. Babu. A bayanta su Baba Shiru na kwance a jere baki buɗe, a bayana mutane na ta raha, ni kuma na rasa a wane ɓangare take.

Saura ƙwaƙwalwa. Na sa mata yatsuna biyu a kowane tafi.

"Matse hannuna."

Na hagu ya matse kaɗan. Na dama ya zame kamar tsumma.

Na ciro 'yar tocilata daga aljihu. Na ɗaga fatar idonta na dama na haska. Baƙin tsakiyar idon ya tsuke, yadda ya kamata. Na koma na hagu.

A buɗe yake, wangame, baƙi ƙirin.

Na haska. Bai motsa ba. Na kawar da hasken, na dawo da shi. Yana nan yana kallona kamar bakin rijiya.

A nan duk abin da Malama ta daɗe tana zuba mana ya haɗu a kaina lokaci ɗaya. Ƙoƙon kai akwati ne rufaffe, ba ya miƙewa. Idan wani abu ya fara taruwa a ciki, ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa. Jiki sai ya hawar da jini don ya tura shi cikin matsin da ƙarfi. Zuciya ta ga jini ya hau, ta rage gudu. Numfashi ya rikice. Jijiyar da ke tsuke ido ta danne, idon ɓangaren ya saki. Na amsa wannan a takarda na ci maki. Ban taɓa tunanin zan gan shi a fuskar da na sani ba.

Na juya wajen teburi.

"Malama."

"Koma wurin mara lafiyarki."

"Malama, ba wasa take yi ba."

Dariya ta ɓarke. "Jaruma ta cinye Farar Kura!" wani ya ce daga baya. "Ta cika alƙawari!"

"Kin san doka," Malama ta ce, ta ɗora biro a kan takarda. "Zan yi kamar ban ji ba. Ki juya ki ƙarasa."

"Me kuka raɗa mata?"

"Ni kike tambaya? A tsakiyar gwaji?"

"Don girman Allah, wane ciwo kuka ce ta yi?"

"To kin faɗi. Fita."

Ban san inda na samo bakin ba. Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin in yi wa Malama.

"Na yarda na faɗi. Ki kore ni daga makarantar ma. Amma ki gaya min abu ɗaya. Ana riƙe numfashi, na sani. Ana sakin hannu. Malama, ana kwaikwayon ido?"

Biron ya tsaya.

"Me kika gani?"

"Na hagu a buɗe, ba ya amsa haske. Bugu arba'in da takwas. Jini ya haura ɗari da tamanin. Na ƙirga da gaske, Malama. Sau biyu."

Ta juya a hankali.

"Dakta, me ka ba ta?"

"Ni?" Ya cire tabarau. "Ai ban ba ta komai ba. Na shigo na tarar da ita kwance tana nishi, na ɗauka kin gama da ita. Ke nake jira ki ba da adadi."

"Ni na fita ɗauko takardun maki. Da na dawo na gan ka zaune, ita kuma a kwance, na ce ka riga ka..."

Ba ta ƙarasa ba.

Babu wanda ya raɗa mata komai. Ta shigo, kanta ya yi mata nauyi, ta ga gado ta kwanta.

Ɗakin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye kowa. Wata da ta ɗaga hannu za ta tafa, hannun ya tsaya mata a iska. A cikin shirun nan muka ji wani sabon sauti daga kan gadon. Minshari. Mai kauri, mai gurgura, irin wanda aka ce mana in kun ji shi ga wanda ba barci yake ba, harshe ne ya faɗa baya.

Ban ga lokacin da Malama ta tashi ba. Kujera kawai na ji ta faɗi. Ta riga ta isa kan gadon, ta kama muƙamuƙin Jaruma da hannu biyu ta turo shi gaba. Minsharin ya yanke, iska ta shiga.

"Dakta, riƙe min kai, kar wuya ya motsa. Ke, cire mata hula."

Na zare hular. Dakta ya bi gashin da yatsu, ya tsaya saman kunnen hagu. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Kumburi ne mai laushi, yatsa na nutsewa.

"Ta faɗi?" ya tambaye ni.

"Bokiti ta ce..."

"Ba abin da ta ce nake tambaya ba. Me kika ji?"

"Ƙara a banɗaki, da safe. Na buga ƙofa ba ta amsa ba. Famfo na ta zuba. Daga baya ta fito tana dariya."

"Ta suma ke nan, ta farka." Ya kalli Malama. "Ƙashin nan sirara ne, akwai jijiyar jini a bayansa. Tun safe take zuba."

"Amma ta yi wanka, ta karya, ta tako da ƙafarta," na ce. "Yanzu-yanzu take min tsiya a baranda."

"Haka yake yi. Yana ba mutum sarari ya yi dariya kafin wuri ya cika."

"Da na matsa mata da tambaya..."

"Ba yanzu ba," Malama ta katse ni ba tare da ta ɗago ba. "Kuka na da lokacinsa. Oksijin!"

Monita ya ruga ya jawo tukunyar da ke jikin bango, ya murɗa, ya sake murɗawa. Ko huci. Wata ta buɗe kabad ɗin magunguna tana zubo kwalabe, duk wayam. Ledojin ƙarin ruwan da ke rataye, ruwan famfo ne a ciki, mu muka cika su da hannunmu. Sai a lokacin muka tuna inda muke. Ɗakin da ya fi ko'ina kama da asibiti, ba abu ɗaya na gaske a cikinsa sai 'yar tocilata da abin awon jini.

"Abin wuya," in ji Dakta.

Muka kalli juna. Monita ya je gadon ƙarshe, ya kwance na wuyan Baba Shiru. Kan robar ya gangara gefe, ya juyo yana fuskantar mu. Aka ɗaura wa Jaruma. Ban so na ga wannan ba, har yau ban so ba.

Malama ta ce, "Ɗaga kan gadon kaɗan. Saki birki. Kai Monita, ruga imajansi ka ce ga mu nan da rauni a kai, su shirya. Sauran ku ba mu hanya!"

Muka fito da gudu. Tsakanin makaranta da asibiti doguwar baranda ce, wadda muke bi kullum muna hira. Ranar ƙin ƙarewa ta yi. Malama na tafe da baya-baya, hannunta bai bar muƙamuƙin ba. Dakta na tura gado da hannu ɗaya, waya a kunne, yana neman likitan tiyata. Taya ɗaya na ta ƙara, ƙiii, ƙiii. Mutane na matsawa suna salati, wasu kuwa da suka ga fararen kayan ɗalibai sun ɗauka atisaye muke, har wani na ɗaukar mu a waya.

Dakta ya sauke wayar ya dube ni.

"Ke 'yar'uwarta ce?"

"Yayarta ce ni."

"To ga aikinki. Idon hagu ya riga ya gaya mana abin da zai gaya mana. Na dama za ki tsare. Ki riƙa haskawa a kai a kai. Muddin yana tsukewa, muna da sauran lokaci. In ya daina, matsin ya kai gindin ƙwaƙwalwa, inda numfashi yake. Kar ki yi shawara da zuciyarki, kar ki ce ko ni ce ban gani daidai ba. Ki ɗaga murya kowa ya ji. Kin gane?"

"Na gane."

Na haska muna tafe. Ya tsuke.

A imajansi hannaye suka yi mata caa. Oksijin na gaske, allura a jijiya, ruwan rage kumburin ƙwaƙwalwa. Aka liƙa mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta fara kuka a hankali, da tazarar nan mai tsayar da zuciya tsakanin bugu da bugu. Sista mai kula da sashen ta yanke rigar da Jaruma ta goge da daddare tana waƙa. Na ji Dakta na cewa ba za a jira hoton kai ba in har aka ga za a makara. Na ji ana cewa likitan tiyata na ɗinke wani aikin, mai ba da maganin barci yana jiran mu a sama.

"Jaruma," na ce a kunnenta. "Tashi haka. Kin ci. Wallahi kin ci, kowa ya tafa."

Ba ta motsa ba.

Na haska. Ya tsuke, amma sai da ya yi kamar yana tunani.

"Yana amsawa?" Malama ta tambaya.

"Yana yi. A hankali."

Malama ta kalli Dakta, suka ƙara sauri.

Muka isa bakin lif. Lambar da ke sama ta nuna yana can hawa na ƙarshe, ba shi da niyyar saukowa. Dakta ya danna, ya sake dannawa, ya buga ƙofar da tafin hannu. Wurin ba kowa sai mu, da ƙarar na'ura, da numfashin nan mai tsayawa ya dawo.

Sai wayar Jaruma ta fara ruri.

A cikin rigar da aka yanke take, wadda Sista ta dunƙule ta cusa min a hammata. Na lalubo. Na ga sunan da ke kai, na ɗago na dubi Malama.

"Goggo ce. Mahaifiyarta."

"Ɗauka," in ji Malama. "Dole a gaya mata kafin a shiga da ita. Daga bakinki zai fi."

"Malama, ba zan iya ba."

"Ɗazu kin iya da ni. Ɗauka."

Na danna, na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, don hannuwana biyu na kan aiki.

"Ja'ira!" Muryar Goggo ta cika min kunne, cike da fara'a, ina jin ƙarar tukwane a bayanta. "Tun ɗazu nake jira. Kin bar min ɗiya ta ci gwajinta, ko kin tsorata ta kamar yadda kika saba?"

"Goggo, ni ce."

"Au, ke ce 'yar albarka? To yaya? An dace?"

"Goggo..."

"Kar ki ce min kin kuma faɗuwa. Ba komai, ai ba a kanki aka fara ba. Ina ita sarkin tsiyar? Ba ni ita in ja mata kunne."

Lif ya yi ƙara, ƙofa ta fara buɗewa. Na sa yatsa na ɗaga fatar idon dama. Na haska.

Na jira ya tsuke.

"Halo? Kina ji na? Ba ni ita mana."

Na kawar da hasken, na dawo da shi. Malama ta zuba min ido. Dakta ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin lif.

"'Yar nan, me ya sa kika yi shiru? Wace ƙara ce nake ji haka?"

Na buɗe baki, wayar na kunnena, Goggo na saurare.

"DAKTA!"